Ɗakin da Na Kama wa Kawu

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Habu daga Kanya Babba.

Kawuna ya taso daga Nijar ganin likitan ido a Kazaure. Tun saura sati biyu na kama masa ɗaki a wani otal, na biya, aka ba ni rasit. Da muka isa, manaja ya ce ana taron siyasa, kuɗin ɗaki ya ninka. Na nuna rasit, ya ce, "Malam, ko ka ciko, ko ka karɓi kuɗinka."

Kawu ya ce, "Rabu da su, ɗana." Dattijon da ba ya gani sosai, a barandar masallaci ya kwana!

Jama'a, ina ake kai ƙarar maciya amana irin waɗannan?