Takunkumi a Bakin Mai Gwaji

Assalamu alaikum, malam mai gabatarwa.

Ranar Laraba, mako guda bayan Sallar Layya, na binne ɗiyata Rakiya a Tibiri. Shekarunta tara, zazzaɓi ne ajalinta.

Sanƙarau ya rage mata ji, sai ta kalli baki take fahimtar magana. Bara mai gwajin basira ya zo lakwal ɗinsu, wato makarantar boko, ya yi mata tambayoyi da takunkumi a bakinsa, ya yanke cewa tana da raunin hankali. Aka sallame ta. Na nemi a sake gwajin, daraktan makarantar ya ce, "Malam, bakin alƙalami ya bushe."

Tana jinya ta tambaye ni, "Baba, da gaske ni daƙiƙiya ce?" Na ce a'a. Ba ta yarda ba, domin ni ubanta ne.

Masu sauraro, ina neman shawararku. Har yau ba a janye hukuncin nan ba.