Kurmin da Muke Samun Ganyen Fita

Assalamu alaikum Malam mai karanta wasiƙu, sannu da aiki. Sunana Garba, daga Sabo, Ibadan. Sana'ata ɗaure huhun goron da ake kaiwa Kano.

Goro ba ya jure tafiya sai an lulluɓe shi da ganyen fita, shi kuwa ganyen a inuwar kurmi yake fitowa. Wata tsohuwa Bayarabiya, Iya Sikira, ita ke yanko mana shi a wani kurmi bayan Akinyele. Bara ta zo wurin maigidana ta ce, "Alhaji, masu katako sun shafa wa itatuwa fenti, alamar za su sare su. Ku je ku ga mai garin, ku ne masu baki."

Alhaji ya tara 'yan goro, ya ce mu haɗa kai mu karɓi kurmin, mu sa mai gadi. Kaɗan ne suka yarda. Sauran suka ce ana yaƙi a ƙasar nan, ba mu san ranar da za ta kama mu bar Sabo ba, kuma ƙasar ba tamu ba ce.

Makon jiya na raka Iya Sikira can. Wallahi ba komai sai kututture da rana. Rafin da ke cikin kurmin ma ya ƙafe. Ta tsaya tana kallo. Goron da muka naɗe da takarda saboda rashin ganye kuwa ya isa Kano a yamushe.

Saura kurmi ɗaya, shi ma an shafa masa fentin. Jama'a, ku ba mu shawara tun da sauran itace a tsaye. Ku kuma masu cewa ƙasar ba tamu ba ce, to goron na wane ne?