Kyandir a Kan Kabarin Maigidana

Assalamu alaikum mai gabatar da shiri da masu sauraro. Ni ce Ramatu, daga Greensboro a Amurka.

Ina ɗaga waya na ji wata mata tana kiran sunana tana kuka, nan take na gane maigidana, Baban Amina, ba zai dawo ba. Ya tafi ƙasar Filifin ne ziyarar zumunci tare da ƙungiyarsu ta aikin sa kai, aka sauke shi a gidan matar, sunanta Luz. A can zuciyarsa ta tsaya.

Mutanen nan Kirista ne, amma sabbin tukwane suka saya saboda shi, don kada naman alade ya taɓa abincinsa. Da ya rasu, mijin Luz ne ya nemo liman, aka binne shi a maƙabartar Musulmi.

Makon jiya ta aiko mini hoto. Ranar da suke ziyartar mamatansu, sun share kabarinsa, sun jera furanni, sun kunna kyandir. Ta kira ni ta ce, “’Yar’uwa, ba mu bar shi shi kaɗai ba. Duk shekara za mu je.”

Maƙwabciyata Hajiya ta ce, “Ramatu, ki hana su, wannan ba namu ba ne.” Na sani. Amma da wane baki zan hana matar da ta riƙe mijina kamar ɗan’uwanta?

Don Allah malamai ku ba ni shawara. Ban taɓa ganin kabarin nan da idona ba, kuma har yau ban ba Luz amsa ba.