Zanna A Ƙarƙashin Hular Kwano

Mai girma shugaban taro, Mai Unguwarmu, ranka ya daɗe. Malam Liman, Allah ya gafarta malam. Mai girma kansilan mazaɓarmu. Alhaji Modu da sauran iyayenmu dattawa. Iyayenmu mata da ke zaune can a inuwar aji. Abokan aikina malaman makaranta. Samarin Ƙofar Na'isa, da baƙinmu da suka taso daga Dala da Ɗan Agundi: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya, ina godiya ga ƙungiyar samari da ta kira wannan zama, ina kuma godiya ga shugaban taro da ya ba ni dama, alhali ya san in na kama magana ba na saurin saki.

Jama'a, tun ranar da ɗanmu Hashim ya faɗi da ƙaton babur ɗin nan da samari ke kira fawa-bayik, magana ɗaya ce ke yawo a unguwa. Na ji ta a bakin masallaci, na ji ta a teburin mai shayi, na ji ta har a cikin ajina. Cewa ake yi: "Ai da hular kwanonsa ya faɗi. To me ta hana?" Dattawa suka ɗauki maganar suka ce, ke nan babur ɗin ne ba shi da magani, a kore shi daga unguwa. Samari suka ɗauki maganar suka ce, ke nan hular ce ba ta da amfani, a huta da ita. Magana ɗaya, fassara biyu, kuma duka biyun kuskure ne, domin tushen maganar ba gaskiya ba ne. Hashim bai faɗi da hular kwano a kansa ba.

Ba don mu yi jimami kawai muka taru ba. Kowa ya sani, abokin Hashim, Mikail ɗan Alhaji Modu, ya sayi irin wannan babur da gumin kansa. Babur na zaure a lulluɓe, makulli na aljihun mahaifinsa, kuma Alhaji ya ce abin da wannan taro ya tsayar shi zai bi. To kan Mikail ake magana yau, kan nan nasa da ke ƙarƙashin hula, kuma ba zan yarda a yanke masa hukunci bisa labarin da ba daidai ba.

Abu na farko, bari in faɗa muku yadda aka yi. Hashim ɗalibina ne, ba ya ɓoye mini magana. Ranar da ya sayi babur, ya sayi hular kwano mai kyau, mai rufe haɓa, daidai kansa. Sai dai ba ta hawa kan zanna, don haka ya cire hularsa ya cusa a aljihu. Ya iso majalisa da yamma, ya tuɓe kwano, sai ga kai ba hula, ga zannar da ya zaro daga aljihu ta cukurkuɗe, karinta ya mutu. Me aka yi masa? Ba zan kama suna ba, masu abin suna ji na. Wani ya ce: "Lale lale da ɗan sama jannati! Yaya mutanen wata?" Wani ya ce: "Kai Hashim, hular ka jinginar ka sayi mai?" Wani kuma, mai furfura a gemu, ya ce: "Yaro, a gidanku haka ake tsayawa gaban manya, kai kamar tulu?"

Na ga wasu na murmushi. Haka aka yi dariya ran nan.

Washegari yaron nan ya koma wurin mai sayar da huluna ya ce: "Malam, canza mini. Ka ba ni wadda zanna za ta shiga ba ta karye ba." Mai kaya ya ce: "Ai ka zo gidan sauƙi, ɗan Alhaji. Ga wannan, ba zanna ba, har rawani za ta ɗauka." Ya karɓi mai kyau, ya ba shi ƙatuwa mai lilo a ka kamar murfin tukunya. Da yake zanna ta ɗaga ta sama, maɗaurin bai kai haɓa sosai ba, sai ya bar shi yana reto. Daga ranar ba wanda ya sake yi masa ba'a. Ya sauka, ya ɗage kwano, ga zanna tsaf da karinta, kowa ya ce yaro ya yi hankali.

Ranar da akuya ta gitta masa a Ƙofar Ɗan Agundi, waɗanda ke wurin sun shaida: kwano ya riga shi tashi. Can bakin kwata aka tsince shi, ko tsagewa bai yi ba. Kan Hashim kuwa da zanna ya sadu da kwalta. Yau yana gida, Allah ya tashe shi, amma kalma ɗaya sai ya yi kokawa da ita kafin ta fito. Da na je duba shi, mahaifiyarsa Hajiya Mero ta miƙo mini hular kwanon ta ce: "Malam, ka duba mini, wannan abin lafiyarsa ƙalau. Ɗana ne ya fashe."

To ina tambaya, wa ya cire hular kirki daga kan yaron nan? Ba akuya ba ce. Ba babur ba ne. Dariya ce, da ɗan kasuwar da ya fi son ciniki a kan ran mai saye. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma yaron bai san rariya aka ba shi ba, mai sayarwa kuwa ya sani. Abin da ya fi ɓata mini rai, bakunan da suka yi masa ba'a su ne yau suke kaɗa kai suna cewa ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita. Amma ba za mu tunkuɗa yaro rami mu koma gefe muna wa'azin ƙaddara ba. Na sami Malam Liman na tambaye shi: "Allah ya gafarta malam, akwai laifi mutum ya cire hula don ya tsare kansa?" Ya dube ni ya ce: "Malam, ai sai da kai ake sa hula."

Abu na biyu, ku samari, kada ku ga na juya kan manya ku zaci kun tsira. Ku ma ina da fushi da ku. Kuna zaton ƙaton babur acaɓa ne da ya ci ya ƙoshi. Ba haka ba ne. Ɗan murɗa totur ɗin da zai sa acaɓa ya fara tunanin tashi, shi zai sa wannan ya ɗaga ƙafar gaba ya bar ka zaune a ƙasa. Kun saba da taka birkin baya kawai, kuna tsoron na gaba. A wannan kuwa birkin gaba shi ne ke tsayar da kai, amma lallaɓa shi ake yi, in ka damƙe shi gaba ɗaya ya watsar da kai. Wannan ba a bakin titi ake koyonsa ba, ba kuma a gaban 'yan kallo ba.

Wanda duk yake shirin saye, ya saurara. Kada ka fara da mafi girma don a ce kai ne. Hau ka zauna: in ƙafafunka biyu ba su taka ƙasa ba, ba naka ba ne tukuna. Kada ka yi cinikin biri a sama, wai wani zai kawo maka daga Kwatano ka gani daga baya. Tafi da bakanike wanda ya san irinsa, ya duba taya, ya duba birki, ya duba sarƙa, ya duba ko an taɓa miƙe ƙarfensa bayan haɗari, kai kuma ka duba takardu. Sannan kada ka zuba duk abin da ka tara a babur, ka ce kayan kariya sai daga baya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ba shi da halin sayen hula, ba shi da halin sayen babur.

Kayan kuwa ga su. Hular kwano mai rufe haɓa, ba ta leburorin gini ba, ba kuma ta gwanjo ba, don wadda ta taɓa dukan ƙasa abin da ke cikinta ya riga ya mutu, ko da fentinta na ƙyalli. Ta kama kumatu, ta zauna daram, ba komai tsakaninta da kai. Safar hannu ta fata, domin duk mai faɗuwa tafin hannu yake fara miƙa wa ƙasa. Riga mai kauri da ta tsare kafaɗa da gwiwar hannu, da wando mai kauri. Takalmi mai rufe idon sawu, ba silifas ba. Abin kunya ne a ce a garin majema da dukawa, garin da fatarsa ta yi suna har ƙasashen waje, 'ya'yanmu su ne ke shimfiɗa tasu fatar a kan kwalta. Babbar riga kuwa, da rawani mai jela, da duk abin da iska ke kaɗawa, a ninke a sa a jaka. Sarƙar babur ba ta san shadda mai tsada ba, in ta kama hannun riga sai ta jawo mai rigar.

Na san abin da za ku ce: "Malam, zafin Kano fa?" Na san zafin Kano, a cikinsa aka haife ni. Gumi dai buta ɗaya ke wanke shi. Karin hula in ya mutu, mai wankin hula zai tashe shi kafin Juma'a. Ku nuna mini mai wankin da zai mayar wa Hashim maganarsa.

Lungunanmu kuma ba filin tsere ba ne. Kakanninmu sun yanka su daidai mutum da jakinsa. Akwai yara, akwai tsofaffi, akwai makafi. Daga zaure zuwa bakin titi a tura shi da hannu, ko a bi da shi kamar mai tafiya a ƙasa. Wanda ya ga hakan ƙasƙanci ne, ya nemi gida a bayan ganuwa.

Abu na uku gajere ne, kuma na kowa ne. Soja sun koma bariki. Ga mu mun taru a filin makaranta muna faɗin ranmu ba mai hararar mu, ga babura sun cika gari, na saye da na rabon siyasa. A da, bulala ke sa mu bi layi. Yanzu ba bulala. Shin sai an tsaya mana da dorina a bakin ƙofa kafin mu ɗaure igiyar da ke ƙarƙashin haɓarmu? In haka ne, ashe ba 'yanci muka samu ba, mai tsaronmu ne kawai ya tafi. Ranka ya daɗe kansila, ba babura muke roƙo ba. Fili muke roƙo, inda yaranmu za su koyi tashi da tsayawa da kwana, nesa da motoci, a hannun wanda ya iya.

Yanzu, Alhaji Modu, Baba, gare ka na juyo, da ladabi. Na san abin da ke ranka. Duk uban da ya shiga ɗakin Hashim ya fito, zai so ya jefa makullin nan a rijiya. Amma ka san ɗanka, ni ma na san shi. In aka hana shi a nan, babur ba zai ɓace ba. Zai koma gidan wani aboki a wajen gari, a hau shi inda ba idonka, ba idona, ba mai cewa ɗaura. Hani zai raba shi da mu ne, ba zai raba shi da babur ba. Roƙona shi ne makulli ya zauna a aljihunka, amma da ranar fitowa: ranar da ya kawo maka kayansa cikakku ka gani da idonka, ranar da wanda ya koya masa a fili ya zo ya ce maka ya iya tsayawa. Ba ya iya gudu ba, Baba, ya iya tsayawa. Shi ke nan sharaɗin da ke kansa.

Akwai kuma sharaɗin da ke kanmu, shi ya fi wuya. Duk yaron da ya sauka daga babur ya tuɓe kwano kansa ba zanna, ya gaishe mu, mu amsa. In ba za mu iya wannan ba, to kada mu sake buɗe baki mu ce muna tausayin Hashim.

Gani ya kori ji. Na aro hulunan kwano manya da ƙanana, ga su can a kan teburin da ke bayana. In an tashi kada kowa ya tafi. Ɗauki ƙatuwar ka ɗora a kan hularka, ka sa na kusa da kai ya tura ta daga ƙeya da yatsa biyu, ka ga inda za ta. Sannan ka cire hularka, ka sa wadda ta yi daidai da kai, ka ɗaure har yatsa ɗaya kawai ke shiga ƙarƙashin maɗaurin, ka girgiza kai iya ƙarfinka, ka ce ya sake turawa. Ba sai na ƙara magana ba.

Ranka ya daɗe Mai Unguwa, ina neman izini Mikail ya fara. Mikail, taso. Cire zannarka a gaban iyayenka, ka miƙa wa mahaifinka ya riƙe maka. Wanda kuma yake da sauran dariya, ga wuri ga lokaci, ya yi ta yanzu muna kallonsa.

Allah ya ba Hashim lafiya, ya kwance masa harshe, ya sanyaya zuciyar mahaifiyarsa. Allah ya tsare mana yaranmu a kan hanya, ya ba iyayenmu haƙuri da mu, ya zaunar da unguwarmu da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa da ƙafafunsa.

Na gode.