Hannuna Yana Bisa Kwandon

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da masu saurare. Ni dillalin kaji ne a kasuwar Goronyo.

Tun da gwamnati ta hana shigo da kajin ƙanƙara, kazar ƙauye ta yi daraja. Motocin Kudu na kwasa, mu ma munka ɗan lashi maiƙo, ba zan ɓoye ba. Sai wanda bai san kaza ba sai cikin miya shi ma ya zama dillali.

Ƙa'idarmu sananniya ce: in dillali ya ɗora hannu bisa kwando, ba mai tayawa har ya ɗauke. Ranar kasuwa wani dattijo daga ƙauyen Lahodu ya kawo kwandon zakaru, na ɗora hannu ina latsa ƙirjinsu. Sai wani sabon shiga, tsohon mai gyaran babur, ya taya bisa cinikina.

Na ce, "Ɗan'uwa, ba ka ga hannu ba?"

Ya ce, "Hannun mi? Ɗauke, ko in ɗauke maka shi."

Na yi dariya, ban ɗauke ba. Ya zaro wuƙar yanka ya sare ni. Abokaina sunka rufe shi da sanduna har ya bar motsi, anka tattake zakarun dattijo cikin jini.

Yana asibiti, bai mutu ba. Ni kuma babban yatsana ya tafi, wanda nike auna tsokar kaza da shi. Yanzu ban gane mai tsoka, ƙashi da gashi ake sayar mini.

Danginsa sun aiko cewa in na sake taka kasuwa, saura ɗaya hannun. Malam, in koma ne, ko in bar masu rumfar da na gada wurin babana?

Naku, Ummaru Mai Kaji, Goronyo.