Littafina a Cikin Labaran Gaskiya

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da masu sauraro baki ɗaya. Sunana Bilkisu, daga Fagge nake rubuto muku, hankalina a tashe.

Na rubuta littafi a kan wani tela da ya kashe abokin sana'arsa, ya binne shi a shago. Wallahi daga kaina na ƙago shi. Na kai wa Baba Rasaki, mai sayar da littattafai a Kasuwar Sabon Gari. Shi kuwa kashi-kashi yake jera kayansa, sai ya ce, "Hajiya, wane iri ne? Soyayya?" Na ce a'a. "Ban tsoro?" Na ce babu aljani ko ɗaya. "Bincike?" Na ce ai babu ɗan sanda a ciki. Na rasa sunan da zan ba shi, na ce ya sa duk inda ya ga dama. Ashe cikin labaran gaskiya ya jera shi.

To, a layinmu akwai telan da abokin aikinsa ya ɓace shekarun baya, aka ce Legas ya tafi. Yanzu mata sun daina kai masa ɗinki. Jiya da hantsi ya tare ni a ƙofar gida, almakashi a hannunsa, ko sallama babu. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Wa ya gaya miki zancen simintin?"

Malam, ni ban ambaci siminti a littafina ba. Don Allah ku ba ni shawara: wajen Baba Rasaki zan fara zuwa, ko wajen hukuma?