Tabon da Waya Ta Goge

Shugaban taro, manyan baƙinmu, masu wannan zaure da suka ara mana bangonsu, 'yan'uwana masu zane, ɗalibai, iyayenmu maza da mata, da ku da ke can baya kun ɗaga wayoyi kuna ɗaukata, assalamu alaikum.

Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan baje koli, ina godiya ga waɗanda suka sha hawa tsani suna rataye zane-zanen nan, ina kuma godiya ga mahaifiyata, ga ta nan a sahun gaba, wadda ta ce in na cika surutu za ta tashi ta tafi. An ce in yi magana kan mai zane da waya. To, zamana da waya zama ne na ƙauna da faɗa, kuma abu uku zan faɗa a kansa.

Na farko, waya ta yi min rana. A da, in na gama zane sai in jingine shi bayan ƙofa, ba mai leƙa shi sai gizo-gizo. Yau ina ɗora hotonsa a intanet, wanda bai taɓa taka unguwarmu ba zai gani, ya yaba, wani ma ya saya. Wannan alheri ba zan musa shi ba.

Na biyu, waya ta shiga tsakanina da idona. Sannu a hankali na daina zaunar da mutum a gabana. Sai in ɗauki hotonsa, in jingine wayar jikin gwangwanin fenti, in kwafa. Bara likita ya shaida mana cewa ganin Mama yana raguwa, kuma ba zai dawo ba. Hankalina ya tashi, domin na zana fuskoki ba adadi, amma ban taɓa zana tata ba. Na ce lallai ta ga kanta a zanena kafin hasken ya ɗauke. Na ɗauki hotonta, na yi aikin a gurguje, na ɗora, mutane suka yi ta yabo. Da na kai mata, ta matso da fuskarta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Auta, wannan kyakkyawar 'yar wane gida ce?" Na ce, "Ke ce, Mama." Ta ce, "Ni? To ina tabona na haɓa?"

Jama'a, ashe wayata gyara fuska take yi da kanta, tana shafe tabo da tamoji ba wanda ya sa ta. Tabon nan kuwa Mama ta same shi ne ranar da ƙofar ƙarfe ta taso min ina rarrafe, ta tare da fuskarta. Waya ta goge shi, ni kuma na bi waya. Kunya ta kama ni har na kasa haɗa ido da ita.

Na jefa wayar aljihun tebur, na zaunar da Mama bakin taga. Kullum da safe tana zaune tana mita, wai bayanta ya ƙage, ni kuma ina kallonta, kallon da rabona da yi mata tun ina yaro. Aikin ya ci watanni, ido kuwa bai jira ni ba. Ranar da na gama, ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Auta, dishi-dishi nake gani."

Na uku, ga inda muka shirya ni da waya. Yayata ta jawo aljihun tebur, ta ɗauko wayar nan da na yi fushi da ita, ta kashe abin gyaran fuskar, ta ɗauki hoton zanen, ta buɗa shi da yatsu biyu har haɓar ta cika gilashin, ta kai daf da idon Mama. Mama ta ɗora yatsa a wurin, ta ce, "Ga shi nan. Yanzu kam ni ce."

Don haka, 'yan'uwana masu zane, musamman matasa, ba zan ce ku jefar da waya ba, ni ma tawa tana aljihuna. Ku fara kallon mutum da idonku, ku ga tabonsa, ku ga tamojinsa, sannan ku ba waya ta kai aikin inda ƙafarku ba za ta kai ba. Zanen Mama shi ne wannan da ke bayana. Duk mai ɗaukar hotonsa ya ɗauka, amma don Allah ya bar mata tabonta.

Allah ya sa albarka a hannuwanmu, ya tsare mana idanunmu, ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, ya mai da kowa gidansa lafiya. Mama, na gama, kada ki tashi.

Na gode.